Allurar cikin ido don ciwon makula: yadda take aiki da abin da ke ɓata ta

Idan dattijo ya fara ganin ƙarafunan taga sun lanƙwashe, ko layin rubutu ya karkace daga tsakiya, ko fuskar wanda ke gabansa ta dushe alhali yana ganin hularsa da rigarsa sarai, galibi ba gilashi ne ya yi masa rauni ba, ba kuma yanar ido ba ce. Matsalar tana can bayan ƙwayar ido, a wani ɗan wuri da ake kira makula. Ita ce tsakiyar retina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, inda haske ke sauka ya zama saƙon da jijiyar gani ke kai wa ƙwaƙwalwa. Faɗin makula bai kai milimita 6 ba, amma da ita ake karatu, ake gane fuska, ake zura zare, ake ƙirga kuɗi. Sauran retinar gefe take gani. Shi ya sa mai wannan ciwo ba ya shiga duhu baƙi ƙirin. Yana iya zuwa masallaci shi kaɗai ya dawo, sai dai duk abin da ya zuba wa ido kai tsaye, shi ne ba ya gani.

Lalacewar makula ta tsufa iri biyu ce. Akwai busasshiya, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba: datti mai launin ɗorawa yana taruwa a ƙarƙashin retina, ƙwayoyin gani suna mutuwa a hankali, shekara da shekaru. Akwai kuma mai yoyo, wadda ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon ba, amma ita ce ta daɗe tana jawo mafi yawan asarar gani mai tsanani, kuma cikin makonni take yin ɓarnarta. A nan sabbin ƙananan jijiyoyin jini ne ke tsirowa daga ƙarƙashi, su huda shingen da ke raba su da retina, kamar yadda saiwar bishiya ke fasa daɓen ɗaki. Jijiyoyin ba su da ƙwari. Suna zubar da ruwa, wani lokaci jini, makula ta kumbura, ta tashi daga mazauninta. Idan aka bar ta haka, wurin yana warkewa da tabo, kuma inda tabo ya zauna gani ya tafi ke nan.

Abin da ke umartar jijiyoyin su tsiro su kuma yi yoyo wani sinadari ne da jiki ke fitarwa, ana kiran sa VEGF. Napoleone Ferrara ne ya tace shi a kamfanin Genentech na Amurka a 1989. Duk alluran da ake yi wa nau'i mai yoyo aikinsu ɗaya ne: su kama wannan sinadari kafin ya isa ga jijiya. Maganin ɗigawa ba ya kaiwa bayan ido da ƙarfin da ake bukata, na sha ko na jijiyar hannu kuwa sai ya zagaya jiki duka. Dole sai an zuba shi cikin ruwan nan mai kauri da ya cika ƙwayar ido, wanda yawansa ya kai kusan mililita 4.

Cikin irin waɗannan allurai, Macugen ne ya fara samun izini a Amurka a ƙarshen 2004, amma rage saurin lalacewa kawai yake yi. Abin ya sauya ne a 2006 da fitowar ranibizumab, wanda ake sayarwa da sunan Lucentis. A gwajin MARINA, mai mutum 716, kusan 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura duk wata ba su rasa layi uku na allon gwajin gani ba bayan shekara, alhali a cikin waɗanda ba a zuba wa maganin ba 62 cikin 100 ne kawai suka tsira da haka. Abin da ya fi ba likitoci mamaki shi ne masu allurar sun ƙaru da kusan haruffa 7 a matsakaici, sauran kuma sun ragu da kusan 10. Kafin lokacin, ba wanda ke yi wa mai wannan ciwo alkawarin ganinsa zai ƙaru.

Yadda ake yin allurar

Kafin komai sai an tabbatar da yoyon. Na'urar OCT ce ke nuna shi: tana yanka hoton retina falle-falle ta hanyar haske, ba tare da ta taɓa ido ba, a ga inda ruwa ya kwanta da kaurin makula. Wani lokaci ana ƙarawa da hoton da ake ɗauka bayan an zuba rini a jijiyar hannu. Likitan da ke yin wannan allura ba tare da OCT ba, lalube yake yi, domin allon haruffa kaɗai ba ya nuna dawowar ruwa sai ya riga ya yi ɓarna.

Ranar allura ana fara duba fatar ido da gefen gashinsa. In akwai kwantsa, ko jan ido, ko kumburin fata, ana ɗagawa sai an yi maganinsu. Sai a ɗiga maganin kashe zafi sau biyu ko uku. Wasu likitocin suna shafa maganin kashe zafi na lidoken mai kauri, wasu suna yin 'yar allurarsa ƙarƙashin fatar farin ido. Daga nan sai matakin da ya fi kowanne muhimmanci: aidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 a cikin idon, mai kashi 10 a fatar waje, a bar shi ya zauna aƙalla daƙiƙa 30. Shi ne abin da aka fi samun hujjar yana rage shigar ƙwayoyin cuta. Yana da raɗaɗi, kuma mafi yawan zafin da mutane ke kuka da shi da yamma nasa ne, ba na hujin allura ba, don haka ya kamata a wanke shi sosai bayan an gama. Da yawa cikin masu cewa jikinsu ba ya son aidin, raɗaɗin nan suke nufi. Wanda da gaske jikinsa ke tashi, ana yi masa amfani da kiloheksidin na ruwa, marar barasa.

Ana sa ɗan ƙarfen da ke riƙe ido a buɗe, ya kuma kawar da gashin ido daga hanyar allura. Sai a auna daga inda baƙin ido ya haɗu da fari: milimita 4 ga wanda gilashin idonsa na halitta yake nan, milimita 3.5 ga wanda aka yi wa aikin yana aka sa masa na roba. Wannan awo ba ado ba ne. A tsakanin nan akwai wata siririyar gaɓa da ba retina mai gani a cikinta. In allura ta matso gaba, za ta iya taɓa gilashin ido ta haifar da yana nan take. In ta ja baya, za ta iya huda retina. Ana kuma kauce wa daidai gefen dama da gefen hagu na ƙwayar ido, inda wasu dogayen jijiyoyi ke wucewa. Allurar siririya ce ƙwarai, mai lamba 30 ko abin da ya fi ta siranta, ana nufar tsakiyar ƙwayar ido da ita. Abin da ake zubawa yawanci mililita 0.05 ne, kusan ɗigo ɗaya. Shigar da fitar ba su wuce 'yan daƙiƙoƙi ba.

Wani abu da marasa lafiya kan ɗauka rashin fara'a ne: likita da mataimakinsa suna sa takunkumi, kuma ba a son magana lokacin da allura take a buɗe, har daga bakin marar lafiyan. Dalili shi ne an lura ƙwayoyin cutar da ke zama a bakin mutum suna yawan fitowa a cikin idanun da suka kamu bayan allura, kuma suna daga cikin masu mugun sakamako. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na ɗigawa bayan allura kuwa, wanda a da ake rubuta wa kowa, an gano ba ya rage haɗarin, sai ma ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wurare da yawa sun daina ba da shi.

Da an zare allura, ana tambayar mutum ko yana ganin hannu ko yana iya ƙirga yatsu. Ɗigon nan ɗaya yana ɗaga matsin cikin ido sosai na ɗan lokaci, wani lokaci har gani ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, yawanci kuma ya sauka cikin rabin awa. Mai hawan jinin ido, wanda jijiyar ganinsa ta riga ta yi rauni, shi ne ake wa kaffa-kaffa a nan: a ɗiga masa maganin rage matsi tun kafin allura, a auna bayanta. Masu shan maganin tsinka jini, irin su asfirin ko wafarin, ba a cewa su daina. Amma wanda bai daɗe da shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya ba, lallai ya faɗa, domin kaɗan daga maganin yana shiga jini, kuma takardun magungunan duka suna ɗauke da gargaɗi kan toshewar jijiya.

Jan tabo a farin ido, jin kamar yashi, da ganin baƙaƙen ɗigo ko kumfa suna yawo na kwana ɗaya ko biyu, duk ba abin tsoro ba ne. Kada a murza idon, kada a sa kwalli na 'yan kwanaki, a kuma kiyaye shigar ruwa cikinsa wajen wanka da alwala na tsawon da likita ya faɗa. Abin tsoro shi ne zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, gani yana dushewa, ido yana ƙara ja, haske yana damun mutum, galibi tsakanin kwana na 2 da na 7. Wannan alamar ƙwayoyin cuta sun shiga cikin ƙwayar ido ce. Ba ta da yawa, kusan sau ɗaya cikin allura 2,000 zuwa 5,000, amma tana iya cinye ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganinta shi ne a ɗebi ɗan ruwan idon don gwaji, a zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta bankomaisin da seftazidim kai tsaye a ciki a ranar, wani lokaci a yi tiyata. Ba a jiran ranar da aka rubuta a kati, ba a kuma tsayawa kemis.

Maganin yana ƙarewa, ciwon yana nan

Nan ne aka fi samun rashin fahimta. Allurar ba ta kashe jijiyoyin da suka tsiro, kwantar da su take yi. Ido yana fitar da rabin maganin cikin kusan mako guda zuwa kwana goma, bayan wata ɗaya ko biyu kuma ƙarfinsa ya kau, VEGF ya sake taruwa, yoyo ya dawo. Shi ya sa ake farawa da allura uku a jere, wata-wata, don a busar da makula, sannan a shiga tsarin ci gaba, wanda ga mutane da yawa shekaru ne.

An gwada allura duk wata ba fashi. Sakamakonsa ya fi kyau, sai dai kaɗan ne ke iya jure shi. An gwada a riƙa duba mutum duk wata, a yi allura sai in an ga ruwa. A takarda yana da ma'ana, amma a aikace yana nufin kullum sai ciwo ya motsa ake bin sa, kuma kowace dawowar ruwa tana ɗan cin wani abu da ba ya dawowa. Tsarin da yawancin likitocin retina suka koma kai shi ne a yi allura a kowace zuwa, in makula a bushe take a ƙara mako biyu kan tazarar, daga 4 zuwa 6 zuwa 8, har 12 ko 16, in ruwa ya dawo a rage. Da haka kowane ido yake nuna tazarar da zai iya ɗauka. Mutum ya ga ganinsa ya gyaru bayan allura ta uku, ya ce ya warke, ya ɓace wata biyar, shi ne labarin da aka fi maimaitawa a ɗakunan duba retina. Sau da yawa zubar jini a cikin idon ce ke dawo da shi, kuma a lokacin allura ba ta iya mayar da abin da ya tafi.

Ko a ƙasashen da ke da inshora haka abin yake. Da aka bi mutanen CATT, wani gwajin waɗannan allurai da aka yi a Amurka, har shekara 5, an tarar ƙarin ganin da suka samu a shekaru biyun farko ya zube bayan sun koma kulawar yau da kullum, inda allurar ta ragu. Duk da haka rabinsu suna da ganin da ya isa karatu, abin da kafin 2006 ba a mafarkinsa.

Sabbin magungunan duk wannan nauyi suke ƙoƙarin ragewa. Aflibercept, mai sunan Eylea, ya fito a 2011 da miligiram 2 duk mako 8 bayan ukun farko. A 2023 aka fito da mai miligiram 8. Faricimab, mai sunan Vabysmo, ya fito a 2022, yana kama VEGF da wani sinadari na biyu, kuma a gwaje-gwajensa kusan 45 cikin 100 sun kai tazarar mako 16 a shekarar farko. Abin lura shi ne babu ɗayansu da ya nuna ya fi Lucentis ko Eylea na farko ƙara gani a fili. Tazara suke sayarwa. Brolucizumab, wato Beovu na 2019, yana busar da ruwa sosai, amma a 2020 aka fara samun rahoton kumburi da toshewar jijiyoyin retina a wasu da aka yi wa shi, har wasu suka rasa gani, shi ya sa likitoci da yawa ba sa farawa da shi.

Avastin da rigimar kuɗi

Bevacizumab, wato Avastin, maganin kansar hanji ne da Genentech ta fitar a 2004. A 2005 Philip Rosenfeld na cibiyar ido ta Bascom Palmer da ke Miami ya zuba ɗan kaɗan daga cikinsa a idon mai wannan ciwo, ruwa ya janye. Kwalba ɗaya tana ɗauke da miligiram 100 a mililita 4, ido kuwa miligiram 1.25 yake bukata, don haka kwalba guda tana isar mutane da dama. A wancan lokacin a Amurka allurar Avastin ta tsaya kusan dala 50, ta Lucentis kusan dala 2,000, kuma kamfani ɗaya ne ya ƙirƙiro su. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin gwajin CATT, mai kusan mutum 1,200, aka fitar da sakamako a 2011: masu Avastin duk wata sun ƙaru da haruffa 8, masu Lucentis 8.5. Gwajin IVAN na Birtaniya ya zo da irin wannan. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa bevacizumab cikin jerin muhimman magunguna don aikin ido. A 2014 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar kamfanonin magani Roche da Novartis kusan Yuro miliyan 180 bisa haɗa baki don karkatar da likitoci zuwa mai tsadar.

Hukuncin a nan a fili yake: Avastin da aka yi a kan lokaci ya fi Eylea da aka yi sau biyu kuɗi suka ƙare. Raunin Avastin ba a maganin yake ba, a rabon yake. Ba a yi kwalbarsa don a huda ta sau da yawa ba, kuma babu sinadarin hana ƙwayoyin cuta a ciki. Dole a raba shi cikin ƙananan sirinji a ɗaki mai tsabtar tiyata, a rufe kowanne, a rubuta ranar rabo, a ajiye a firiji tsakanin digiri 2 da 8, kada ya daskare, kada ya sha haske. Kuskure ɗaya a wajen rabo ba ido ɗaya yake ci ba, duk waɗanda aka yi wa daga wannan kwalba ne. A 2011 mutum 12 sun kamu a yankin Miami daga sirinjin da wani kantin haɗa magani ya raba, yawancinsu suka rasa ganin idon. A 2023 gwamman mutane a lardin Punjab na Pakistan sun shiga irin wannan hali, har hukuma ta dakatar da amfani da maganin na wani lokaci. An kuma taɓa kama jabun Avastin a Amurka a 2012, babu maganin a cikinsa sam. Don haka ne wasu likitocin ba sa yi wa idanu biyu allura daga rabo ɗaya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido da hawan jinin ido ne kan gaba, lalacewar makula tana can baya. Amma alluran nan su ne dai ake yi wa kumburin makula na ciwon suga da na toshewar jijiyar retina, waɗanda ke ƙaruwa a garuruwanmu, kuma saboda tsada Avastin ne ya fi sauƙin samu. Inda wuta ke ɗaukewa, firijin da ba shi da janareta ko sola a bayansa ba wurin ajiye shi ba ne. Maganin da ya sha zafi ba ya sauya kama, aikinsa ne kawai ke raguwa, sai a ɗauka ciwon ne ya ƙi ji. Marar lafiya yana da haƙƙin ya tambaya daga ina maganin ya fito, yaushe aka raba shi, a ina aka ajiye.

In an yi allura uku ko fiye a kan lokaci, da magani mai kyau, ruwa bai janye ba, sai a sake duba ainihin ciwon. Akwai wani nau'i da jijiyoyin ƙarƙashin retina ke yin ƙananan ƙulli-ƙulli masu saurin fashewa da jini, ana taƙaita sunansa da PCV, kuma ya fi yawa a mutanen Asiya da baƙar fata fiye da Turawa. Hoton rini na yau da kullum ba ya nuna shi sosai, sai an yi da wani koren rini na musamman. Gwajin EVEREST na biyu ya nuna haɗa ranibizumab da hasken leza mai sanyi, bayan an zuba maganin verteporfin a jijiya, ya fi allura ita kaɗai, gwajin PLANET kuma ya nuna aflibercept shi kaɗai yana wadatar da yawancinsu. Wani lokaci kuma ruwan ya bushe amma gani bai dawo ba, saboda tabo ko mutuwar ƙwayoyin gani ta riga ta faru a ƙarƙashi. Ci gaba da allura a idon da tabo ya gama cinye tsakiyarsa kashe kuɗi ne, gara a mayar da hankali kan ɗayan idon, wanda shi ma yana cikin haɗari. A riƙa rufe ido ɗaya ana kallon layi miƙaƙƙe da ɗayan, ko da sau ɗaya a mako, domin lafiyayyen ido yana ɓoye laifin ɗan'uwansa. Mai shan taba ya daina: bayan shekaru da gado, ita ce babbar sila, kuma ita kaɗai ce cikin ukun ake iya sauyawa.

Busasshen nau'in kuwa waɗannan allurai ba sa yi masa komai. Ga wanda ciwonsa ke matsakaicin mataki akwai haɗin ƙwayoyin sha da ake kira AREDS2, mai bitamin C miligiram 500, bitamin E, zinki, tagulla, lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2. Irin wannan haɗi yana rage haɗarin kaiwa mataki mai tsanani da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara 5, ba ya kuma hana ciwon kama wanda ba shi da shi. A 2023 Amurka ta amince da allurai biyu don matakin ƙarshe na busasshen, Syfovre da Izervay, ana yin su duk wata ko wata biyu. Suna rage saurin faɗaɗar wurin da ya mutu kaɗan, amma a manyan gwaje-gwajensu ba su nuna ganin mutum ya fi na wanda ba a yi wa ba, kuma suna ƙara yiwuwar ciwon ya juye zuwa mai yoyo. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta duba hujjar Syfovre a 2024, ta ƙi ba shi izini.